Muhawara: Haɗa na'urar ajiye bayanan tashi da risibar ƙaramin jirgin sama

Sabon Matuƙi:
Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Ina neman shawararku kan wani haɗi kafin in kunna ƙarfen dalma. Jirgina na soso ne, faɗin fikafikansa mita 1.2, yana ɗauke da sarbo 4, wato ƙananan injinan da ke juya fikafikan tuƙi, masu nauyin giram 9 kowanne, da batirin LiPo mai sel 3, da ESC mai amfiya 30, wato allon da ke sarrafa gudun injin, wanda BEC ɗin cikinsa, mai rage wuta, ke ba risiba bolt 5. Risibar, wato na'urar da ke karɓar umarnin rimot, tana da tasha 6 da kuma ƙofar iBUS, wadda ke fitar da umarnin duk tashoshi ta waya ɗaya. Damuwata ita ce wani lokaci, musamman idan an daɗe a sama, jirgin yakan ƙi amsa umarni na ɗan ƙanƙanin lokaci sannan ya dawo, kuma daga ƙasa ba ni da hanyar tantance ko sigina ce ke yankewa ko wuta ce ke gazawa. Saboda haka nake so in harhaɗa na'urar da za ta riƙa rubuta wa memori tsayin da jirgi ya kai, da ƙarfin batir, da umarnin da risiba ta karɓa. Ina da ƙaramin allon kwamfuta Arduino Nano, da BMP280 mai auna tsayi ta matsin iska, da allon katin SD. Shin ya wadatar in soka na'urar a tasha ta 6 da babu komai a kanta, ta sha wuta daga can?

Baba Mai Rediyo:
Wa alaikumus salam, ɗana. Wuta kam za ka samu. Kowace tasha ƙafa uku gare ta, ta sigina da ta fozitib da ta negatib, kuma a cikin risiba duk ƙafafun fozitib a haɗe suke a layi ɗaya, haka ma na negatib, don haka abin da BEC ya shigar ta tashar totur shi ne ke fitowa a tasha ta 6. Jar waya ita ce ta tsakiya a kullum, an yi haka ne domin ko mutum ya juya fulogi kada ya ƙona kaya. Launin sauran biyun ne ke bambanta daga kamfani zuwa kamfani: Futaba fari da baƙi, JR ruwan lemo da ruwan ƙasa, Hitec rawaya da baƙi. Ni a ganina ka ɗauki wutar daga nan, ka ƙara kwandansa mai maikirofarad 1000 ko fiye a tasha ta 5 domin ya cike giɓi idan sarbo suka ja da ƙarfi. Ƙaramin jirgi ba ya son tarin wayoyi, kuma duk inda aka ƙara dalma an ƙara wurin da zai iya ɓallewa a sama. Game da umarnin risiba kuwa, waya mai rassa biyu a kan kowace tasha za ta kai wa sarbo sigina ta kuma kai wa na'urarka.

Injiniya:
Baba, bayaninka kan ƙafafu daidai ne, amma da izininka ban yarda da shawarar wutar ba, kuma dalilina yana cikin tambayar ɗan'uwanmu. Abin da yake so ya gano shi ne ko wutar risiba tana faɗuwa. Idan na'urar ajiye bayanai tana sha daga wannan layi, to a daidai lokacin da wutar ta faɗi ita ma za ta mutu, ta sake tashi daga farko, kuma mai yiwuwa fayil ɗin da take rubutawa ya lalace tun da ba a rufe shi ba. Zai sauko da jirgi ya buɗe memori ya tarar da komai a rubuce sai daƙiƙar da yake nema. Ƙari a kan haka, katin SD ba ya jan wuta a hankali, yana iya jan miliamfiya 100 ko fiye a lokacin rubutu, wato an ɗora sabon kaya a kan BEC ɗin da tun farko shi ake zargi. Shawarata ita ce na'urar ta sami nata mai rage wuta daban, irin wanda ake kira UBEC, a ɗauko masa wuta daga batir, sannan layin risiba ya zama abin aunawa kawai.

Batun waya mai rassa biyu ma ina da ja a kansa. Idan za a saurari tasha 4, ana bukatar rassa 4, kuma kowanne reshe a manne yake da wayar da ke tuƙa sarbo kai tsaye, ta yadda idan ya taɓa negatib sarbon ya tsaya ke nan. Tun da risibarsa tana da iBUS, waya ɗaya ta ishe shi. Ƙofar tana fitar da saƙo mai bait 32 kusan kowace milidaƙiƙa 7, a gudun 115200, ɗauke da tashoshi 14, kuma babu sarbon da ya dogara da ita a wannan jirgi. Ko da wayar ta tsinke, tuƙi bai san an yi ba. In ƙara da cewa a sa rizista mai kilo-om 4.7 a kan wayar siginar, domin idan na'urar ta mutu alhali risiba tana raye, kada wuta ta riƙa kwarara ta ƙafar Arduino.

Malamar Kimiyya:
Ina so in sa lissafi a cikin maganar, domin ina jin shi zai nuna inda ya kamata a fi zargi. Yawancin ƙananan ESC masu rahusa suna amfani da BEC irin wanda ke rage wuta ta hanyar mayar da rarar zafi. Batir mai sel 3 idan ya cika yana kan bolt 12.6. Idan aka sauke shi zuwa 5, rarar bolt 7.6 ce, kuma idan sarbo suna jan amfiya 1 gaba ɗaya, wat 7.6 ke nan na zafi a kan ƙananan kayan da girmansu bai wuce farce ba, waɗanda ke manne da allon da shi ma yake ɗaukar zafin injin. Sarbo mai giram 9 idan ya cije yana iya jan fiye da rabin amfiya shi kaɗai, to a yi tunanin guda 4 suna motsi tare a lokacin juyi. Irin wannan mai rage wuta yana da kariyar da ke kashe shi idan zafi ya yi yawa, ya dawo idan ya ɗan huce. A watan Afrilu a nan arewa, inda iska kanta takan haura digiri 40, kuma cikin jirgin soso a rufe yake, tazarar da ta rage kafin a kai wannan iyaka kaɗan ce. Ɗan'uwa ya ce matsalar ta fi zuwa idan an daɗe a sama, wannan kuwa ya fi kama da zafi, domin yankewar sigina nisa da juyawar eriya take bi, ba daɗewa ba.

Baba Mai Rediyo:
Malama, lissafinki ya gamsar da ni, kuma na ga kwandansa ba zai yi maganin zafi ba, iyakarsa ya riƙe wuta na ɗan ƙiftawar ido. Amma Injiniya, ina da tambaya a gare ka. Idan har za a saya UBEC a ɗora wa jirgi nauyinsa, me ya sa za a ba na'urar rubutu wuta mai kyau a bar risiba da sarbo a kan wadda ake zargi? Ai jirgin ne abin tsaro, ba memori ba.

Mai Gyaran Waya:
Kafin Injiniya ya amsa wa Baba, akwai wani abu game da Nano da ya kamata a faɗa, domin zai hana haɗin aiki gaba ɗaya. Ƙafar karɓar saƙo ta Nano ba a sake take ba. A kan allon an haɗa ta da guntun USB ta rizista mai kilo-om 1, kuma wannan guntu yana riƙe layin a sama idan ba ya magana. Idan aka sa kilo-om 4.7 a gaban siginar risiba kamar yadda aka ba da shawara, rizistar allon ta fi ta ƙarfi, siginar ba za ta iya sauke layin ƙasa ba, kuma Arduino ba zai karanta ko bait ɗaya ba. Idan kuma aka cire rizistar aka haɗa kai tsaye, to ƙafar risiba tana fuskantar bolt 5 ta wannan kilo-om 1, alhali yawancin risibobin yanzu da 3.3 suke magana. Mafita biyu na sani: ko a ɗaga waccan rizista daga allon bayan an gama loda manhaja, ko a koma Arduino Pro Mini wanda ba shi da guntun USB kwata-kwata, kuma ya fi sauƙin nauyi.

Ni da kaina da ESP32, wani ƙaramin allon kwamfuta daban, zan yi aikin. Yana da ƙofofin saƙo 3, da wurin ajiya mai yawa, da 3.3 yake aiki kamar BMP280 da katin SD, kuma idan daga baya aka so ƙara GPS akwai inda za a sa shi.

Injiniya:
Na karɓi gyaran, ɗan'uwa, maganar Nano gaskiya ce. Pro Mini mai bolt 5 da megahaz 16 shi ya dace. Kada a ɗauki mai 3.3 da megahaz 8, domin a wannan agogo gudun 115200 yana kaucewa da kusan kashi 3.5 cikin ɗari, saƙonni za su riƙa lalacewa. Guntun ATmega328P da ke kan Pro Mini, a kan bolt 5, yana ɗaukar duk abin da ya kai bolt 3 a matsayin sama, saboda haka siginar 3.3 tana shiga, ko da yake tazarar ba ta da yawa, shi ya sa wayar ta zama gajera. ESP32 ba na ƙinsa, sai dai duk wanda zai sa shi kusa da risiba ya tabbata manhajar ba ta kunna WiFi ko Bluetooth ba, domin su ma a gigahaz 2.4 suke magana, kuma mai magana a nisan yatsu kaɗan zai danne rimot ɗin da ke nesa da mita ɗaruruwa. Ma'aunin bolt na ESP32 ma ba shi da daidaito sosai a gefe da gefe, aikinmu kuwa awon bolt ne.

Baba, tambayarka ta fi amsar da na bayar. Hanya mafi kyau ita ce a musanya: UBEC mai amfiya 3 ya ciyar da risiba da sarbo, BEC na ESC kuma, wanda yanzu aka sauke masa kaya, ya ciyar da na'urar rubutu. Yadda ake yi shi ne a ɗaga ɗan harshen robar fulogin ESC da allura a zaro jar wayar, a bar ta sigina da baƙar a tashar totur, sannan a kai jar zuwa ƙafar bolt 5 ta Pro Mini. Abin da ba a yi ko kaɗan shi ne barin jajayen wayoyi biyu daga masu rage wuta biyu su haɗu a layin risiba, domin ba za su taɓa zama daidai ba, ɗaya zai riƙa tura wa ɗaya.

Sabon Matuƙi:
Na gode ƙwarai, Allah Ya ƙara basira. Abu biyu ne ban gane ba. Na farko, idan wutar ta zama biyu, ina baƙaƙen wayoyi za su haɗu? Na biyu, ta yaya zan bambanta yankewar sigina da faɗuwar wuta a cikin fayil ɗin, tun da duka biyun rashin amsa umarni suke haifarwa?

Baba Mai Rediyo:
Na farkon bari in amsa. Sigina ba ta da ma'ana sai an gwada ta da negatib ɗin wanda ya aiko ta, don haka dole baƙar waya ta fito daga ƙofar iBUS ta je na'urarka, kuma ka murɗa ta tare da ta sigina kamar tufka domin rage hayaniyar injin. Wutar UBEC kuwa ka ɗauko ta a bayan fulogin XT60 na batir, ɓangaren ESC, kusa da inda manyan wayoyi suka shiga allon. Amfanin haka biyu ne: komai zai kunnu a lokaci ɗaya idan ka soka batir, kuma negatib ɗin kowa zai taso daga wuri guda. Wasu suna ɗauka daga ƙaramin fulogin daidaita sel, ni ba na so, domin idan injin yana jan amfiya 20 akwai ɗan bambancin bolt tsakanin can da ESC, kuma siririyar wayarka ce za ta ɗauki bambancin. Ka kuma duba dalmar babbar baƙar waya da kyau, domin idan ta saki, wutar injin za ta nemi hanya ta cikin siraran wayoyin.

Malamar Kimiyya:
Na biyun shi ne zuciyar aikin, kuma yana da amsa mai kyau. Saƙon iBUS ba ya ɗauke da alamar cewa sigina ta yanke, saɓanin SBUS na Futaba wanda a cikin bait 25 ɗinsa akwai guda da ke nuna an rasa saƙo ko an shiga yanayin kariya, wato abin da aka saita risiba ta yi idan sigina ta ɓace. Amma kana iya ƙirƙirar alamar da kanka. Ka ɗauki tasha ta 6 ka ɗaura ta a kan makunnin da ba ka taɓawa, lambarta a saƙon iBUS ta zauna a 1000 a duk tsawon tashi, sannan a saitin kariyar rimot ka ce idan sigina ta ɓace ta koma 2000. Daga nan fayil zai nuna maka hoto biyu mabambanta. Idan saƙonni suna ci gaba da zuwa amma tasha ta 6 ta tsallaka 2000, sigina ce ta yanke, risiba tana raye. Idan saƙonni sun ɗauke gaba ɗaya kuma bolt ɗin layin risiba ya faɗi, wuta ce. Sai dai ka sani kariyar ba ta shiga nan take, don haka gajeriyar yankewa za ta bayyana ne a matsayin lambobin da suka daskare wuri ɗaya.

Awon bolt ɗin yana bukatar kula. Jar wayar ƙofar iBUS ba za ta taɓa ƙafar wutar Arduino ba, za ta bi ta rizista biyu ne, kilo-om 10 a sama da 2.2 a ƙasa, a ɗauki tsakiyarsu zuwa ƙafar awo. Da wannan, bolt 5 zai zama kusan 0.9, bolt 6 kuma 1.08. Na zaɓi waɗannan lambobi ne domin a yi amfani da ma'aunin cikin guntun mai bolt 1.1, saboda idan aka bar shi yana gwadawa da wutar da yake sha, duk lokacin da ita ta motsa awon zai yi ƙarya. Na batir kuma kilo-om 47 da 3.9 za su mayar da 12.6 zuwa kusan 0.97. Ma'aunin cikin yana ɗan bambanta daga guntu zuwa guntu, saboda haka a gwada da mita a gyara lambar a manhaja. Abu na ƙarshe, faɗuwar wuta tana iya zama ta milidaƙiƙa kaɗan, idan kana rubuta layi 10 a daƙiƙa za ta wuce tsakanin layi biyu ba ka gani ba. Manhajar ta riƙa aunawa babu tsayawa, ta riƙe mafi ƙanƙantar lamba da ta gani, ita za ta rubuta.

Mai Gyaran Waya:
In ƙara a kan na Malama, akwai shiru na uku da zai iya ruɗar da kai, wanda daga na'urar rubutun yake. Guntun yana da kilobait 2 kacal na wurin aiki, katin SD ya cinye bait 512, ma'ajiyar saƙon shigowa kuma bait 64 ce, wato saƙon iBUS biyu. Katin kuwa wani lokaci yakan tsaya gyaran cikinsa na milidaƙiƙa 100 ko fiye, a lokacin saƙonni suna zuba suna ɓacewa. Don haka ka rubuta lokaci a kowane layi, ka duba lissafin tantancewa da ke ƙarshen kowane saƙo, ka kuma rubuta tsawon lokacin da rubutun da ya gabata ya ɗauka, domin idan ka ga giɓi ka san ko na katin ne. Ka sa manhajar ta tabbatar da rubutu a katin kusan kowace daƙiƙa, ta kuma buɗe sabon fayil duk lokacin da aka kunna. Sannan ka gwada memorin a kwamfuta tukuna, jabu sun yi yawa a kasuwa.

Tsohon Hannu:
Na bi maganganunku duka kuma na ƙaru. Ina so dai masu karatu su san cewa akwai na'urorin da aka ƙera domin wannan aiki, ga wanda ba ya son rubuta manhaja. UniLog 2 na kamfanin SM-Modellbau da ke Jamus yana rubutu a ƙaramin kati, yana kuma iya aika bayanai ta risibobin kamfanoni da dama. Masu risibar kamfanin Spektrum suna da Flight Log da ake sokawa a ƙofar bayanai ta risiba, ya nuna sau nawa kowace eriya ta rasa sigina, da saƙonni nawa suka ɓace, da sau nawa aka shiga riƙo, wanda a wurinsu yana faruwa idan saƙo 45 suka ɓace a jere. Wanda kuma ya sa allon tuƙi mai manhajar INAV ya riga ya sami Blackbox, wato tsarinta na ajiye bayanan tashi. Gargaɗina ɗaya ne ga mai son auna amfiyar injin: allon INA219 da aka fi sayarwa iyakarsa amfiya 3.2, zai ƙone a kan wannan jirgi, sai dai irin ACS758. Kuma duk abin da aka sa tsakanin batir da ESC yana tsawaita manyan wayoyi, tsawon kuwa yana wahalar da kwandansojin ESC, don haka a taƙaita shi iyakar iyawa.

Amma babbar maganata ga ƙanena mai tambaya ita ce kada ka tashi jirgin da kake zargin wutarsa domin kawai ka tabbatar da zargin. A kan tebur za a yi wannan gwaji.

Sabon Matuƙi:
Na bi shawarar Yaya, na cire farfela na yi gwajin a kan tebur. Na bar risiba a kan BEC na ESC kamar da, na ba na'urar wuta daga UBEC na ɗan lokaci domin ta zama shaida, na rufe murfin jirgin, na kunna injin, na riƙa juya sandunan rimot duka biyu ina ɗan danne fikafikan tuƙi da yatsa. Da farko mafi ƙanƙantar lamba tana tsayawa kusa da 4.7. Bayan ESC ya yi zafi sai ta riƙa sauka har ƙasa da bolt 4, kuma a daidai wurin saƙonnin iBUS suka ɗauke, tasha ta 6 kuwa ba ta taɓa barin 1000 ba. Yanzu na musanya kamar yadda Baba da Injiniya suka tsara, na maimaita gwajin, layin risiba bai sauka ƙasa da 4.9 ba. Abin da ya rage shi ne inda zan ajiye na'urar a cikin jirgi.

Injiniya:
Madalla. Ka sa ta kusa da inda jirgin yake daidaita a kan yatsu a ƙarƙashin fiffike, domin nauyinta kada ya ja hanci ko wutsiya, kuma ka sake duba daidaiton bayan ka ɗaure komai. Ƙarshen eriyar risiba, wato wannan tsirarar waya mai kusan milimita 31, shi ne ke karɓar sigina, ka nisanta shi da UBEC da katin SD da batir, eriyoyin biyu kuma su yi kusurwa 90 a tsakaninsu. BMP280 ka tabbata allonka yana da mai rage wuta idan za ka ba shi bolt 5, domin guntun kansa ba ya jure fiye da 3.6. Ka lulluɓe shi da ɗan soso mai huda, wanda zai kare shi daga haske da iskar farfela da ƙurar hunturu, amma kada gam ya toshe ɗan ramin da ke kansa, domin mita ɗaya na tsayi bambancin matsin iska na kusan faskal 12 ne kawai, ƙaramar iska a cikin jirgi ta isa ta ɓata awon. Katin SD ka danne shi da salatif, saukar da ta yi ƙarfi tana iya fitar da shi.

Baba Mai Rediyo:
Kafin ka kai shi fili, ɗana, ka yi gwajin nisa a ƙasa sau biyu, ɗaya na'urar a kashe, ɗaya tana rubutu, wani ya riƙe maka jirgin daga baya injin yana gudu, ka ga ko nisan ya ragu. Sannan ka kashe rimot da gangan farfela a cire, ka tabbata totur ya sauka kuma tasha ta 6 ta nuna 2000 a fayil. Idan ka yi tashin farko ka turo mana fayil ɗin, ina so in ga yadda bolt ɗin batir yake sauka a lokacin hawa da cikakken totur.